Kanarin Ɗan'ige da Injin Sahabi

Shekara bakwai ke nan da aka kai yayana Garba makwancinsa, wanda mutanen Gummi da Bukkuyum suka fi sani da Ɗan'ige Mai Kanari. Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai in haɗu da masu tare ni a hanya suna cewa Allah ya jiƙan Ɗan'ige, ai an yi mutum. In ce amin, in wuce. To bana ba zan wuce ba. Na gaji da amsa amin ga mutanen da suka zura ido abin da ya bari ya lalace a gabansu, wasunsu ma da hannunsu dumu-dumu a ciki. Wanda ya buɗe wannan shafi yana neman daɗin baki da yabon mamaci, ya juya gaba, akwai labarin ƙwallo.

Ɗan'ige bai bar bene ba, bai bar shanu ba. Manomin gero da dawa ne, da rani kuma ya zauna yana saƙa keji da sillen kara. Abin da ya bari wanda babu irinsa a wurin kowa shi ne kukan tsuntsu. Kanari guda, namiji, sunansa Auta, shi ne na ƙarshe da ya ɗauki kukan gidanmu kafin Yaya ya cika. Kanari ba ya daɗewa a duniya. In Auta ya mutu bai koya wa wani ba, kukan ya tafi ke nan, ba mai ƙara jin sa. A kan wannan nake ta rigima da ɗansa Sahabi tun ranar da aka share makoki, a kansa kuma nake wannan rubutu.

Na san akwai masu cewa kanari ai kanari ne, duk kukansu ɗaya. Su ne waɗanda ba su taɓa zama sun saurara ba. Ba a haihuwar kanari da kukansa, koya yake yi daga manya, yadda yaro ke ɗaukar maganar gidansu. A ƙauyenmu, can bayan Nasarawar Burkullu, Babanmu ya kama wani a tsamiyar bakin rafi tun ba a haife ni ba. Farkon kukansa irin na kowa ne, ya hau sama da sauri yana karkaɗawa. Amma inda sauran ke yankewa, shi a nan yake saukowa. Ya yi ƙasa da murya, ya ƙara yin ƙasa, yana mirgina ta cikin maƙogwaro a hankali, har ka rasa inda ya tsaya. Baba ya sa wa wannan saukowa suna gangara. Da tsuntsun ya tsufa sai ya rataye masa ɗan ƙarami a gefe, ƙaramin ya ɗauka, shi ma da ya tsufa aka rataye masa wani. Haka abin ya yi ta bi daga tsuntsu zuwa tsuntsu har ya zo hannun Ɗan'ige.

Idan kaka ta yi, an kai amfani gida, sai ka ga mutane a kan keke daga Bukkuyum, daga Gummi, har daga Anka, kowa da ɗan kejinsa a ɗaure a baya. Zauren gidanmu suke kawowa. Yaya yana kiran tsohon tsuntsun malam, ƙananan kuma ɗalibai. Sai ya jera ɗaliban a bango, ya lulluɓe kowane keji da baƙin zane don kada ido ya ɗauke musu hankali, kunne kawai yake so ya yi aiki. Daga nan gida ya shiga doka. Ba daka sai rana ta ɗaga, turmin ma sai an mirgina shi bayan rumbu. Zakara a kai shi maƙwabta. Rediyo kuwa, wanda ya kunna a zauren nan da safe ya san sauran. Na taɓa ganin ya bi wani mai tallan gishiri da sanda har bakin hanya don ya ɗaga murya a ƙofar gida. Ba mai sanyin hali ba ne, kada wani ya yi muku ƙarya don ya mutu. Hujjarsa ɗaya ce kullum: gangara ƙasa take, duk abin da ya fi ta ƙara cinye ta yake yi, kuma ɗalibin da bai ji ta tsaf ba ba zai taɓa yin ta ba.

Sai daji ya ƙi zamuwa. Ba sai na tsaya ba ku labari ba, duk ɗan Zamfara ya san yadda ƙauye ke watsewa. Ni a lokacin na daɗe a Gummi, nan na yi aure, nan nake koyarwa a firamare. Ranar da motar da ta kwaso mutanen ƙauyenmu ta tsaya a tasha, wasu sun rungumo katifa, wasu keken ɗinki, wata tsohuwa har da dutsen niƙa. Yaya ya sauko da keji uku a jikinsa. A cinya ya riƙo su tun daga ƙauye, a kan hanyar nan mai ramuka, bai yarda an ɗaure su a saman mota ba. Gidan da aka samu kusa da tasha yake, bakin titi, don a nan ne kawai akwai wurin da ba kowa.

Bai yi wata guda ba ya nuna min abin da na yi shekaru ina wucewa ta ƙarƙashinsa. Wata safiya na je gaishe shi, ya tsayar da ni a ƙofar gida, ya nuna min wani kanarin daji a kan wayar wuta.

"Saurara, Luba. Wanga tsuntsu ihu shi kai, ba kuka ba."

Na saurara. Wallahi haka ne. Muryar siririya, a sama, a gajarce, ya yi ya yanke, ya yi ya yanke. Yaya ya ce tsuntsayen gari sun bar ƙasan kukansu ne don inji ya zaune wurin. Injin casar shinkafa, injin markaɗe, mashin ɗin 'yan kabu-kabu, manyan motoci, duk a ƙasa suke gurnani. Namijin da ya tsaya yin kuka a ƙasa, macen ba za ta ji shi ba, abokin faɗansa ma ba zai san yana nan ba. Dole ya hau sama ya tsandara. Ya ce in lura kuma, tun kafin kiran sallar asuba suke farawa, suna rige-rige da masu tayar da inji. Kurciya da ba ta iya ɗaga murya ba ta koma gefen gari. Ragon maza, mai kukan nan kamar ana tuttular da ruwa daga tulu, shi kam ya ce tunda ya zo bai ji ko ɗaya ba. Bai ga laifin tsuntsayen ba. Ya ce kowa ya shiga kasuwa dole ya ɗaga murya, in ba haka ba ya koma gida da kayansa.

Nasa dai ya rantse ba za su shiga kasuwar ba. Ɗaki ɗaya ne mai kyau a gidan, can ƙurya. Ya fitar da shimfiɗarsa ya koma zaure, ya bar wa tsuntsaye ɗakin. Ya bi masu casa yana roƙon ƙaiƙayin shinkafa, ya cika buhuna, ya jera su a bango har sama, ya toshe taga ya bar 'yar kafar haske. In ka shiga ka ja ƙofa, sai ka ji garin ya koma nesa. A nan ya ajiye tsohon malamin da ya taho da shi, ya riƙa kawo masa ɗalibai daga fadama. Da yawa ba su ɗauka ba. Malamin ya tsufa, Yaya kuma ciwo ya fara cin sa, kowa a cikinsu yana ja da kyar. Sai Auta.

Ina ɗakin ranar da Auta ya yi gangararsa ta farko cikakkiya. Yaya yana jingine da buhu, ya rufe ido, yatsansa yana bin muryar tana sauka har ya dire shi a tabarma. Ya daɗe bai buɗe idon ba. Sannan ya sa aka kira Sahabi, ya faɗa a gabana, da bakinsa:

"Ya ɗauka. Kada a hidda shi ɗakin ga. In ya ƙara ƙwari a aje mai ɗalibi. Kun jiya?"

Muka ce mun ji. Tsohon tsuntsun, malamin, ya riga Yaya tafiya da kaɗan, Yaya kuma bai ga damina ba.

Ko sadakar arba'in ba a yi ba Sahabi ya kwashe buhunan nan ya zubar a bola, wai suna tara ɓera. Ɗakin ya zuba 'yan haya. Zauren da ubansa ya ƙare kwanansa a ciki ya fasa masa ƙofa ta titi, ya buɗe shagon cajin waya, ya girke janareta a bakin ƙofa. Auta kuma ya buga ƙusa ya rataye shi a saman injin, daidai inda hayaƙi ke tashi. Dalili? Mutane na tsayawa kallon kanarin Ɗan'ige, wanda ya tsaya kuma yakan miƙo waya. Ubansa ya bar wa tsuntsu ɗakin kwanansa, shi ya mayar da tsuntsun allon talla. Na je na same shi, na tuna masa maganar da aka yi a gabanmu. Ko kallona bai yi ba, yana ta soka wayoyi a jikin allo.

"Gwaggo, tsuntsu na hwa, ba mutum ba."

Na kai maganar gaban dattawan da suka taso daga ƙauyenmu. Suka sha mur, suka ce gado na ɗa ne, abin da ke cikin gida na mai gida ne, kuma ina ruwan mace da keji. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda bai taɓa rataye ɗalibi a zaurenmu ba. Akwai wanda na sha kai wa fura yana zaune yana jiran tsuntsunsa ya ɗauka, yana rantsuwa duk ƙasar nan ba kamar Ɗan'ige. Ranar nan ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Su ne fa masu tare ni a hanya yanzu da Allah ya jiƙan rai. Tir.

Abin bai tsaya nan ba. Da Sahabi ya ga har yanzu ana tambayar irin kanarin ubansa, sai dabara ta zo masa. Ya ɗauki kukan Auta a waya, a cikin shagon, inji na aiki. Ya tara 'yan ƙanana a bayan gida, ya jingina musu wayar tana ta maimaitawa, ba zane, ba shiru, ba komai. In sun fara buɗe baki sai ya sayar, wai jikokin Ɗan'ige. Na ji ɗaya a gidan wata da muka yi koyarwa tare. Mijinta ya fito da shi yana taƙama, ya ce in saurara in ji kukan gidanmu. Tsuntsun ya hau sama, ya karkaɗa, sannan ya ƙare da wani kar-kar-kar a bushe. Na san wannan ƙarar. Janaretan Sahabi ne idan mai ya kusa ƙarewa. Maigidan ya dube ni yana murmushi ya ce ai ita ce gangarar. Ruwan da aka kawo min ban sha ba, na ɗauki mayafina.

Wani lokaci nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce in ya leƙo Gummi ta yau. Ƙarar da ya yi kuka da ita a lokacinsa wasa ce. Yanzu kowane shago da injinsa, masu walda sun cika bakin titi, masu tallan magani suna yawo da lasifika a saman mota suna faɗin abin da kunya ba ta barin in rubuta. Bara na je Anka wurin 'yata, ta kai ni wata unguwa da ake niƙan dutsen zinariya. Akwai wata bishiya a wurin cike da tsuntsayen marai, sheƙa ko'ina. Na tsaya ina kallon bakunansu suna buɗewa suna rufewa, ban ji komai ba sai inji. Mu ma mutane haka muka koma. Gaisuwa da ihu, ciniki da ihu, uwa ta kira ɗanta yana gabanta sai ta tsandara. A shekarun ƙarshe na koyarwata, in na ce yaro ya yi magana a hankali sai ya tsaya yana kallona, bai san yadda ake yi ba. Wasu na cewa da Ɗan'ige na nan da haƙuri zai yi. Ba su san shi ba. Da sandarsa zai fito, kuma daga shagon ɗansa zai fara.

Na san abin da wani mai karatu ke faɗi a ransa yanzu. Ana kashe mutane, ƙauyuka sun tashi, gonaki sun koma daji, wannan tsohuwa ta cika shafi da kukan tsuntsu. Kada ka koya min. Na zauna makokin da ban iya ƙirgawa, na wanke waɗanda na goya. Shi ya sa ma abin ke ci na. Gonar Baba da rumbunansa da tsamiyar bakin rafi, duk an raba mu da su da ƙarfin bindiga, ba yadda muka iya. Wannan ɗaya kuwa an fito da shi lafiya. A cinya aka riƙo shi har cikin gari, ya iso da ransa. Ba wanda ya zo da bindiga ya ƙwace mana shi. Mu da kanmu muka rataye shi a kan inji don a yi cajin waya. Kuma ban ce a kashe injinan Gummi ba, ni ma markaɗe nake kaiwa, ni ma waya ce a hannuna. Ɗaki ɗaya ake magana, da buhunan ƙaiƙayin da ake zubarwa kyauta.

Farkon daminar bana na bi ta gaban shagon, na ɗaga kai kamar yadda na saba. Auta ba ya kan sandarsa. Yana ƙasan keji a takure, gashi ya tashi, farata sun yi tsawo sun lanƙwashe, ruwan shansa ya yi kore. Na ce a raina tsuntsun nan ba zai ƙara wata damina ba. Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba. Na ce wa wani mai jiran waya ya tashi daga benci, na taka, na sauko da kejin. Sahabi ya fito da gudu.

"Gwaggo, ina za ki da shi?"

"Inda ubanka ya ce."

"In kin tahi da shi, kada ki ƙara tako gidan ga."

"Kai ni ƙara wurin alƙali. Ka hwaɗa mai ƙanwar ubanka ta sace maka tsuntsu, in ji yadda za ka hwara."

Wani cikin masu caji ya ƙunshe dariya. Na rufe kejin da gefen mayafina na tafi, ba wanda ya biyo ni.

Sai neman inda za a ajiye shi. Gidana bango ɗaya muke da mai markaɗe. Na ce bari in gwada fadama, akwai bukka a gonar shinkafar surukina. Na je na tarar da injinan ban ruwa a jere a bakin gulbi, kowane yana tari, ga mashin na shige da fice. Kai, har fadamar ma! Na zaga garin nan da ƙafata ina kasa kunne kamar mai neman ɓataccen akuya. Wuri ɗaya na samu da ba a tayar da inji, bayan maƙabarta, don a nan ne kawai kunya ta rage wa mutane. A nan gidan Sambo yake, abokin Yaya tun suna yara, tare suka fito daga ƙauye. Da ya zo gari bai samu gona ba, ya kama aiki a injin casa, ya yi ta yi har kunnuwansa suka mutu. Da hannu na yi masa bayani, matarsa Kulu tana taya ni. Yana ganin Auta ya gane. Ya ba ni ɗakin da yake ajiye kayan noma, ya ɗauki keji mai tarko ya tafi bakin gulbi, ya dawo min da ɗan ƙarami da bai fara kuka ba. Na lulluɓe shi da baƙin zane, na rataye shi gefen Auta.

Da farko Auta bai ce uffan ba. Na yanke masa farata, na riƙa ba shi gero da riɗi da ɗan gwaiduwar ƙwai. Ya zubar da tsohon gashi, sabo ya fito, ya koma kan sandarsa. Kullum in na idar da sallar asuba sai in kama hanya, in zauna a ƙofar ɗakin a kan tabarmar Kulu, ina jira. Ran nan, gari ya yi luf bayan ruwan sama, sai na ji ya gyara murya. Na kasa kunne. Ya hau sama, da sauri, yana karkaɗawa, daidai yadda na sani. Ya iso wurin saukowa. Sai ya yanke. Ya sake hawa, siririya, a tsandare, ya iso wurin, ya yanke.

Na ce tsoro ne. Na ce sabo ne, bai yarda injin ya tafi ba, a ba shi lokaci. Na ba shi damina guda cur. Ko sau ɗaya bai sauko ba. Kanari duk sa'ad da ya zubar da gashi yakan sabunta kukansa, abin da ba ya jin kansa yana yi sai ya yar da shi. Auta ya yi shekara bakwai yana gangarawa cikin gurnanin janareta, ba ya jin kansa, har ya daina. Abin da Yaya ya hango ke nan da ya ce kada a fitar da shi. Ranar da na haƙura, na yi kuka a tsakar gidan mutane Kulu tana ta ba ni haƙuri. Ban ji haushin Auta ba ko kaɗan. Na dai cire shi daga gefen ƙaramin tun bai koya masa ihu ba, na kai shi gidana. Yana nan yana cin geronsa, yana amsa wa injin markaɗe.

Sai na tuna wayar Sahabi. Tun shekarar farko ya ɗauki kukan, lokacin gangarar na nan. Allah ya sani ban so ba, amma na haɗiye zuciya na koma shagon da aka ce kada in ƙara takawa. Ya ga na zo nema, sai ya hau hura hanci, ya ce ashe dai ana bukatarsa, ai shi ya adana kayan ubansa inda ba sa tsufa. Ya kunna ya miƙo min. Na kara a kunne. Ga Auta yana yaro, murya garau, ya hau sama, ya karkaɗa, ya fara saukowa, sai inji ya rufe shi. Na san yana ciki, na san daidai inda yake mirginawa, amma ba abin da ke fitowa sai gurnanin janareta. Na ce ya sake. Ya sake. Haka dai.

"Ga ta nan, Gwaggo. Ba ki jiya ba?"

Na dubi fuskarsa ko ba'a yake min. Ba ba'a ba ce. Da gaske yake. Yaron nan a gidanmu na ƙauye aka haife shi, kowace safiya ta ƙuruciyarsa ana gangara a kansa, bai taɓa tsayawa ya ji ba. Bai ma san abin da ya kashe ba. Na ajiye masa wayarsa a kan benci na fita.

Da na zauna na duba, wuri ɗaya ya rage da kukan nan yake, cikin kaina. Ga ɗan tsuntsu a lulluɓe, lokacin koyonsa na wucewa. A gidanmu fito haramun ne. Inna in ta ji yaro namiji ya yi fito sai ta buge masa baki, ta ce iskoki yake kira. Mace kuwa, ban taɓa jin wadda ta gwada ba. Ni ga ni na haura sittin, na je Makka, na aurar da jikoki, haƙoran gaba biyu sun tafi. Na ce wa Kulu ta ja mana ƙofa. Na zauna gaban kejin, na tsuke baki. Iska kawai ta fito, da yawu. Na yi ta yi har leɓena ya yi tsami. Yanzu ina iya hawa, ina iya saukowa, in ban yi sauri ba har mirginawar tana ɗan fitowa.

Magana ba ta ɓuya a Gummi. Sahabi yana gaya wa masu caji Gwaggonsa ta gamu da iskoki, kullum da sassafe tana bayan maƙabarta tana fito. A wurin biki na ga mata suna jan tabarma in na zauna. Ɗaya daga dattawan nan ya aiko a gaya min in ji tsoron Allah, wannan ba aikin Hajiya ba ne. Na ce a gaya masa da ya buɗe baki ranar da na zo gabansu, da yau tsuntsu ke wannan aikin, ba ni ba.

To ga abin da ya rage na Ɗan'ige bayan shekara bakwai. Ba sunan da kuke kira a hanya ba, wannan ba ya ci muku komai. Ba tsuntsayen da ke kwaikwayon janareta a zaurukanku ba. Abin da ya rage shi ne fiton tsohuwa mai giɓi a ɗakin kayan noma. Ubangiji ya yi wa Yaya rahama, ya sanyaya masa makwanci, ya ba shi shirun da muka hana shi.

Shekaranjiya da safe, bayan na yi nawa na yi shiru, sai na ji ƙaramin ya amsa daga ƙarƙashin zane. Ya hau, ya karkaɗa, sannan ya sauko. Kaɗan ne, murya na rawa, amma ya sauko. Na fita ba takalmi na jawo Sambo, don duk duniya shi kaɗai ya rage wanda ya zauna a zaurenmu ya saurara da gaske. Ya durƙusa, ya manna kunne a jikin kejin, ya dube ni yana murmushi yana gyaɗa kai. Tsuntsun ya daɗe da yin shiru, Sambo yana nan yana gyaɗa kai.

Ban sani ba ko gangarar Yaya nake koya masa, ko wata aba ce da tsufa ya haɗa min a kai. Duk faɗin Gummi babu mai iya ce min nan kin yi daidai, nan kin kauce. Kuma ku kuka jawo.